Igiyar Sama

Shekara talatin da bakwai igiya na kai ni ƙasa,
gaba goma, gaba sha biyar,
har sama ta koma kamar bakin tulu,
muryar Sallau mai jan guga
tana zuwa kamar kira a mafarki.
Ni Jatau, da harshe nake gane nisan ruwa a jikin laka.

Yau ga ni da tikiti a hannu.
Nafi'u ya saya da albashinsa na fari.
Shi ke shafa wa ƙafafun abin giris
a wurin shaƙatawar da suka gina bakin dam,
da rigarsa ruwan ɗorawa da hular kwano.
Ya ce, Baba, sai ka hau.

Turaku tara na ƙarfe
daga bakin ruwa zuwa kan dutsen da awakinmu ke sha wa inuwa,
waya mai kaurin damtsen yaro,
akwatunan gilashi rataye kamar shanyar ludayi.
'Yan garinmu sun ce lilon masu kuɗi.
Ni igiyar na duba.
Na ce, wa ya tufka ta? Ya ce inji.
Na ce, wa ke riƙe da bakinta?
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.
Wanda bai taɓa jin sili ɗaya ya tsinke a samansa ba
shi ke wasa da igiya.

Ƙofa ta rufe ba hannun kowa.
Ƙasa ta sake ni.

Wata 'yar Kano da 'ya'yanta uku suna ta ɗaukar hoto,
ni kuwa na manna goshi da gilashi.
Ga kukar kasuwa ta zama tsintsiya.
Ga barkonon Tabawa a kan soro, ja kamar garwashi.
Ga rijiyoyina.
Ta masallaci, ta gidan Maigari, ta makera,
huɗu an rufe su da siminti tun zuwan burtsatse.
Ga wadda ta rufta da Barau,
kwana biyu muna tono da hannu.
Daga nan ko ƙwayar gero ta fi ta girma.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba:
wani koren layi ya taso daga gindin dutse,
giginya, ɗinya, giginya,
ya karkata bayan makaranta, ya bi ta gonar Ladidi.
Hanyar ruwa ce.
Ita na shekara ina lalube a duhu,
ashe a rubuce take, tsayi ne ba mu da shi.

Nan aka ɗauke wuta.

Akwati ya tsaya, ya yi lilo tsakanin turke na biyar da na shida.
Matar ta kama salati, ƙaramin ya fashe da kuka.
Na ce, Hajiya, ku zauna daram,
igiya ba ta son gaggawa.
Na sa yaron ya ƙirga mini shanun da ke bakin dam.
Hannuna kuwa, ban sani ba, ya kai sama
yana neman ya ja sau biyu: Sallau, ɗaga.
Sallau da ya yi shekara shida a ƙasa.

Yaro na kan saniya ta sha tara janareta ya yi tari.

A kan dutse akwai kiɗa, da dokin ƙarfe mai juyawa,
da wani abin sanyi da ya kashe mini haƙori.
Ban daɗe ba.

Da dare na kira Nafi'u zaure.
Na ce, na gode, na ga gari.
Amma kullum da asuba, kafin kowa ya hau,
ka bi igiyar nan da tafin hannu, ba da ido ba.
Ya ce akwai na'urar da ke dubawa.
Na ce, na ji.
Ka bi ta da hannu.